Tabarau ɗaya gare shi

Na daɗe ina dillancin motoci, amma ban ga wanda ya yi asara da fara'a irin Babana ba.

Wata la'asar ina yaro, a Ƙofar Nassarawa, yana yi wa wata tsohuwar jif waldar mazaunin sabon inji. Na nace sai na kalli wutar, ga shi tabarau ɗaya gare shi.

"Taurin kai kamar kakanka," ya ce, ya ɗora min shi a hanci. Ya saita ƙarfen, ya runtse ido, ya ɗiga waldar a haka.

Da muka koma gida idonsa jawur, yana ta hawaye. Ya ce wa Innata hayaƙin murhunta ne.

Ta ce, "Malam, ko wuta ban hura ba tukuna."