Yanyawa da Mai Allura

"Ba zan yar da ita ba, Yaya."

"To ki nisanta ta da kajina," in ji yayanta. "Ke da karatunki na likitan dabbobi!"

A bakin bola ta tsinci yanyawar, ƙazuwa ta cinye gashinta, ko tsayuwa ba ta iyawa. Ta kai ta ɗakin ajiya. Kullum sai ta danne dabbar, ta wanke miki, ta soka allura, ta sha cizo. Har jarrabawa ta wuce ta tana jinya.

Ranar da yanyawa ta murmure, ƙanwar ta buɗe keji tana murmushi. Dabbar ta yi mata gurnani, ta kewaye ta, ta je ta kwanta a ƙafar Yaya. Ya sosa ƙeya, ya zaro ƙwai daga aljihu.

"Idan kin gama gana mata azaba, ni nake zuwa lallashi."

Kishi ya turnuƙe ta. "Yaya, wannan ai cin amana ne!"

Ta maimaita aji, hannunta duk tabo, kuma wadda ta ceta ba ta san ta da komai ba sai allura.