Abin da Ke Cikin Ta Jamus

"Sauke ƙofar shagon tukuna," in ji Alhaji Sabri. Ya kwantar da na'urarsa a teburin Usta Mahrus, gwanin gyaran rediyo, kamar jaririya.

Na'urar ba da sigina ce ƙirar Jamus. Duk mai gyaran rediyo a layin Bab al-Luk da ita yake saita 'yar arahar da ke shagonsa, ya saya wa Alhaji shayi, ya sha gori. Bara Mahrus ya kai wa Alhaji tasa, wadda ya sake wa wayoyi da hannunsa. Kallo ɗaya Alhaji ya yi mata ya ce, "Wannan maƙaryaciya ce tun daga masana'anta. Zubar da ita, Usta, kada ta ɓata maka suna." Mahrus ya jefa ta a kwandon shara, ya sayo sabuwa.

Yau ga ta Jamus ta ƙi tashi.

Mahrus ya ɗaga murfin. Kayan Jamus da ke ciki sun daɗe da ƙonewa, ƙura ta rufe su. A gefe an ɗaure wani ɗan koren fanel, allon wayoyi, da roba. Ya gane liƙin dalmar da ya yi da hannunsa.

"Alhaji, ai wannan maƙaryaciyata ce."

Alhaji bai daina jan carbi ba. "Waya ɗaya ce ta cire. Liƙa ka rufe."

"In na gaya wa 'yan layi fa?"

"Gaya musu. Tun bara kai ma da ita kake saita sabuwar taka, kana cewa aikin Jamus daban ne."