Biyu Sun Kayar da Ɗaya

Saƙon ya same shi yana shan shayi a wata kasuwar Lahore, ya zabura har kofin ya kife. Wata ƙungiya ce ta amince ta ɗauki nauyin manhajarsa ta kyauta, wadda ke karanta wa makafi rubutun Urdu. Ƙungiyar za ta riƙe gudummawar jama'a, ta biya masu aiki. Sharaɗin ɗaya ne: daga yau mutum uku har da shi za su riƙa yanke hukunci a kan manhajar, ba shi kaɗai ba.

Nan take ya sa hannu, ya sayo alewar jalebi kilo guda don murna.

A zaman farko ɗaya daga cikin ukun, wata malamar makarantar makafi, ta ce, “Yaya, muryar da ke karatun nan, a canja ta.”

“Tawa ce fa. Shekara tara ina naɗarta.”

“Mun sani. Kawu Mai Mura yara suke ce mata.”

Aka yi ƙuri'a, biyu suka kayar da ɗaya. Da yawa sukan ce sun ba jama'a abu, alhali hannunsu na kansa. Shi kuwa ya tura wa malamar makirufo.

“Bismillah, ƙanwata. Fara daga alif.”