Titin Kabanze Ya Zo Na Ɗaya

Karo na uku ke nan Milimo tana danna madannin, kwamfutar tana ba ta amsa ɗaya: titin Kabanze ne na farko. Ta daka tsalle har takalminta ya shige ƙarƙashin tebur.

Injiniya ce a ofishin hanyoyi na Choma, kuma ita ta kawo musu sabon lissafin. A gaya wa kwamfuta shekarun titi da ramukansa da yawan motocin da ke binsa, ita kuma ta auna abin da zai ci nan da shekara ashirin, ta nuna inda kwacha, kuɗin ƙasar, za ta fi amfani. Ba sani ba sabo.

Kabanze ƙauyen mahaifiyarta ne, kuma kullum shi ne kurar baya. In bai shiga kasafin bana ba, damina za ta cinye ragowar kwaltar, motar madara ta daina zuwa, nonon shanu ya lalace a hannun mutane. Sau nawa tsohuwar ta roƙe ta, Milimo tana cewa kwamfuta ba ta da uwa, mota kawai take ƙirgawa, masu ƙidayar ma sai Yuni za su shimfiɗa robarsu mai ƙirga motoci a titin.

Yau ga shi ya ci, ba ta sa hannu ba. Daɗi kamar ya kashe ta. Bana dai shekararta ce, don wata biyu ke nan da aurenta, bikin da aka yi a Kabanze, har yanzu ake zancensa. Mako guda ana tuƙa tuwon nshima, ita tana lulluɓe a ɗaka yadda ake yi wa amare, sai hon ɗin motoci take ji. Mama ta gayyato har dangin da ba sa ga-maciji da ita, ta sauke baƙi a Choma wai ƙauye ba gadaje, a kwaso su da safe, a mayar da yamma, a sake komawa sayen gishiri.

Nan take ta kira Mama a waya.

"Mama, titinmu ya ci! Motoci sun ninka sau tara, ban san daga ina suka fito ba."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"To madalla, 'yar nan. Shanu huɗu na sayar na zuba wa mutane mai. Da kin zaci don kyan mijinki na sa biki a tsakiyar sanyin Yuni?"