Bindigar Don Evaristo

"Wadda ruwa da laka ba sa yi wa komai nake so, mutumina!" in ji Don Evaristo, yana dukan teburin shagona. Matarsa Eulalia na tsaye a bayansa.

Na miƙo masa bindiga mai bakin ƙarfen da ba ya tsatsa. Ya saɓa ta, ya kanne ido, ya auna bango.

"Za ta kayar da ɓauna?"

"Har da uwarta," na ce.

Ya fita kawo mota yana taƙama. Eulalia ta matso, ta rage murya.

"Rabu da zancen ɓauna. Za ta iya kwana a cikin ciyawa ba ta lalace ba?"

"Ciyawa kuma, Doña?"

"In ya ce ya tafi farauta, a bayan garkenmu yake ɓoye ta, ya tafi gasa nama da karta wurin abokansa. Tsohuwar bindigarsa a can damina ta cinye ta."

Na shiga goge tebur. Ta ɗauki jakarta, ta juyo.

"Kai kuma, barewar da kake sayar masa, ka riƙa fitar da ita daga firji da wuri. Ta bara da ƙanƙararta ta iso."