Lallen da Ya Ɓoye Ciwon Nazifa

Nazifa mai kitso ce a wani shago a unguwar Château Rouge, cikin birnin Paris. Da yatsunta goma take ciyar da kanta da mahaifiyarta da ke Maradi. Aibinta ɗaya: in dai ana ɗaukar hoto, to ba ta jin kira.

A watan Janairu ta je birnin Lyon wurin yayanta Moutari, da sabon baƙin lalle har bisa farce. Ranar Lahadi ya kai ta wani ƙauye a kan duwatsu, inda ake bikin yankan ƙanƙara. Kowace shekara mutanen ƙauyen kan hau tafkin da ya daskare, su yanka ƙanƙara da dogon zarto, su ja ta da ƙugiya zuwa rumbun ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda kakanninsu ke yi kafin zuwan firji. Ga kiɗa, ga wuta an hura a gefe.

Nazifa ta ce lallen da ta wuni tana jira ya kama ba zai ƙare cikin safar hannu ba. Ta cire, ta rungumi bulon ƙanƙara, ta sa Moutari ɗaukar hoto. Wannan bai yi ba, a sake. Iska na kaɗawa, ita tana ta murmushi.

Wani tsoho mai zarto ya matso ya duba hannunta. Ya ce su da launi suke gane yatsan da sanyi ya kama, in ya yi fari fat an shiga haɗari, amma nata lalle ya rufe komai. Ya tambaye ta ko tana jin zafi.

"Ɗazu na ji, yanzu ya daina," in ji ta.

Fuskar tsohon ta canja. Ya ce dainawar ce abin tsoro. A tafi asibiti yanzu, kada kuma ta kusanci wuta.

Moutari ya ce, "Ƙanwata, mu bi maganarsa."

"Haba Yaya, yaushe aka fara kai jin sanyi asibiti?"

Ta je ta kara hannu a wuta kamar yadda ake jin ɗumi a gida. Fatar na ƙonewa, ba ta ji ba. Ta koma kan ƙanƙara don hoto na ƙarshe.

Litinin ta koma Paris, don wata amarya na jiran kitso a makon. Yatsun suka yi bororo, ta shafa man kaɗe. A rana ta huɗu, tana yi wa amaryar kitso, tsinken kitso ya faɗi daga hannunta ba ta sani ba, sai da amaryar ta nuna mata. Nan tsoro ya kama ta.

Ta je asibiti, likita ya ce an makara. Bayan makonni aka yanke kan yatsu uku na hannunta na dama.

Har yanzu tana zuwa shagon. Tana share gashi, tana miƙa wa abokan aikinta zare. Duk ranar da mahaifiyarta ta kira ta tambayi aiki, sai ta ce alhamdulillahi, ta kashe wayar ta yi kuka.

Jama'a, sanyin wata ƙasa ba irin na gida ba ne, maganinsa ma daban. In mutanen wuri suka ce akwai haɗari, a saurare su, a je asibiti tun da wuri.