Rantsuwar Maƙerin Darra

"Wadda za ta ɓuya a ƙarƙashin mayafi nake so," in ji wata tsohuwa, "kuma wadda ba ta cijewa."

Sher Afzal maƙerin bindiga ya yi dariya. Kun dai san bakin 'yan kasuwarmu ta Darra, garin maƙeran bindiga. Ya tura mata shayi, ya jera ƙananan bindigogi a kan darduma.

"Inna, kaza za ki harba ko suruka? Duk wadda ke ɗauke da tambarina ba ta taɓa ƙin tashi ba. Na rantse."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ko kallon shayin ba ta yi ba. Ta zaro wata 'yar bindiga daga mayafinta, ta nuna masa tambarinsa, sannan ta saita ƙirjinsa.

"Ɗana Zarak ya saye ta a nan. Ranar da maƙiyansa suka tare shi, ya ja kunama, ta yi shiru. Mun binne shi. To, ɗan nan, bari mu gwada rantsuwarka."

Ta ɗora yatsa a kan kunama. Sher Afzal ya runtse ido, yana roƙon Allah Ya sa ƙarya ya yi mata.